Darajar Ƙwallon Kwaleji a Arewa: Waiwaye Daga Fadamar Guri

Duk wanda ya saba zama da dattawan da suka yi makarantar kwana a zamanin En'e, ko a farkon zamanin jihohi, ya san hirarsu ba ta yin nisa sai ta gangaro filin wasa. Mutum yakan manta sunan littafin lissafin da aka karantar da shi, amma da wuya ya manta wanda ya tsare musu gida ranar da suka kara da wata makaranta, ko malamin da ya busa usur, ko irin tarbar da aka yi musu da suka komo da kofi. A wancan lokaci kyaftin na ƙwallo mutum ne da ake nunawa da baki idan ya wuce. A yau kuwa, makarantun suna nan, wasu ma filayensu suna nan, amma yaron da ya iya ƙwallo ba ya ɗaukar rigar makarantarsa a bakin komai.

Abin da wannan maƙala take nufin bincikawa shi ne asalin waccan daraja, da inda ta tafi. Ra'ayin marubucin shi ne, a ƙasar Hausa ƙwallon kwaleji aron daraja ta yi daga sunan kwalejin kanta, wato albarkacin kaza ne ƙadangare ya sha ruwan kasko, don haka da kaskon ya fashe ba ta da wata madogara tata. An zaɓi a dubi al'amarin daga Guri, can gabashin masarautar Haɗeja, domin kuwa tarihin makarantun Arewa kusan kullum daga Katsina da Zariya da Kaduna ake ba da shi, alhali mutumin da ke bakin iyaka yakan ga abin da na tsakiya bai lura da shi ba.

Ingila da Amurka

Kafin a shigo gida, ya kamata a san cewa ƙwallon ƙafa ɗiyar makaranta ce tun asali. Ɗaliban jami'ar Kambirij suna cikin waɗanda suka fara rubuta mata ƙa'idoji a 1848, kuma tsofaffin ɗaliban manyan makarantun kwana na Ingila su ne ƙashin bayan hukumar ƙwallon da aka kafa a Landan a 1863. Jami'ar Okasfod ta ci kofin wannan hukuma a 1874, tsofaffin ɗaliban makarantar Iton suka ci shi a 1879 da 1882. Amma a 1883 sai ƙungiyar Blackburn Olympic, wadda yawancin 'yan wasanta ma'aikata ne masu cin guminsu, ta ka da 'yan Iton a wasan ƙarshe, a 1885 kuma aka halatta biyan ɗan wasa albashi. Daga nan ƙwallo ta fita daga hannun 'ya'yan manya ta koma hannun garuruwa masu masana'antu, ba ta sake dawowa ba.

A Amurka abin ya bi wata hanya dabam. Wasan da suke kira ƙwallon ƙafa ba irin namu ba ne, ya fi kama da zari-ruga, da hannu ake ɗaukar ƙwallon ana gudu ana ture juna. Jami'o'in Rutgers da Princeton ne suka yi karon farko ranar 6 ga Nuwamba 1869, sa'an nan Yale da Harvard da sauransu suka ɗauka. Wasan ya girma a jami'o'i shekaru da yawa kafin ƙungiyoyin 'yan kuɗi su kafu da gindinsu, kuma da suka kafu sai suka mai da jami'o'in rumbunsu: tun 1936 suke da tsarin zaɓen sababbin 'yan wasa daga cikin ɗaliban da suka gama. Saboda haka yaron da yake son ya ci abinci da wasan dole ya bi ta jami'a. Bugu da ƙari, akwai jihohi irin su Alabama da Nebraska waɗanda ba su da babbar ƙungiyar 'yan kuɗi, sai ƙungiyar jami'a ta zama tutar jihar baki ɗaya, har wanda bai taɓa shiga aji ba yana jin tasa ce. Filin wasan jami'ar Michigan yana ɗaukar mutum fiye da 100,000. Jami'ar Notre Dame kuwa, ƙaramar makarantar Katolika ce a jihar Indiana, ƙwallo ce ta fara kai sunanta ko'ina a ƙasar. Wannan shi ne misalin inda wasa ya yi wa makaranta suna. Namu ya fi kusa da na Ingila, da yake daga can aka kawo mana shi, sai dai yana da nasa launi.

Kwalejin Katsina

Ƙwallo ta riga ta yi shekaru a bakin teku kafin ta iso Arewa. Wasan farko da aka rubuta labarinsa a Nijeriya shi ne na watan Yuni 1904 a Kalaba, tsakanin makarantar Hope Waddell da ma'aikatan wani jirgin ruwan yaƙi na Ingila. A lokacin ko shekara biyu ba a yi da faɗuwar Kano da Sakkwato ba, Haɗeja kuwa ba ta faɗi ba sai a 1906, a yaƙin da Sarki Muhammadu ya yi shahada. Makarantar Ɗan Hausa ta Nassarawa a Kano sai 1909 aka buɗe ta.

Kwalejin Katsina ta fara aiki a 1921, Gwamna Kilifod ya buɗe ta da kansa a watan Maris 1922. An kafa ta ne don ta horar da malaman da za su karantar a makarantun larduna, kuma Turawan da suka riƙe ta, tun daga shugabanta na farko Mista Bieneman, sun tashi ne a makarantun kwana na Ingila, inda aka ɗauki filin wasa a matsayin aji na biyu. A wurinsu wasa hanya ce ta tarbiyya: yaro ya koyi bin umarnin kyaftin, ya koyi shan kaye ba tare da ƙorafi ba, ya koyi ba da umarni idan lokacinsa ya zo. Gwamnatin da ke mulki ta hannun sarakuna tana bukatar irin waɗannan mutane a ofisoshin En'e. Don haka aka raba ɗalibai gida-gida, kowane gida da shugabansa, ana gasa tsakanin gidajen, kuma fita wasa da la'asar wajibi ne kamar shiga aji da safe. An ci gaba da wannan tsari bayan kwalejin ta koma Kaduna a 1938, da kuma bayan ta koma Zariya a 1949, inda gidajen suka ɗauki sunaye irin su Lugga da Kilifod da Ɗan Hausa da Nagwamatse da Bello Kagara.

Wani abin lura a nan shi ne, ƙwallon ƙafa ba ita ce sarauniyar wasanni a Katsina ba. Akwai kurket, akwai hoki, akwai guje-guje, akwai kuma wasan nan na buga ƙaramar ƙwallo da tafin hannu a jikin bango, wanda ake ce wa fayif, wanda asalinsa daga Iton ne. Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, wanda ya yi kwalejin daga 1926 zuwa 1931, da fayif aka san shi, kuma bai bar ta ba har yana Firimiya. A birnin Katsina kuwa, wasan da ya fi kowanne ƙima a idon fada shi ne folo, wanda Sarki Muhammadu Dikko ya rungume, ɗansa Usman Nagogo ya yi fice a cikinsa. Dalilin wannan bambanci ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya san Bahaushe. Babban mutum ba ya gudu. Kamun kai da natsuwa da tafiya sannu a cikin babbar riga su ne alamar girma, hawan doki kuwa ado ne na sarauta. Fayif ana yin ta ne a tsakanin bangaye, mutum huɗu, ba a bainar jama'a ba. Amma a ce malami ko ma'aji ko ɗan hakimi ya sa gajeren wando yana bin ƙwallo a guje, yara suna yi masa ihu, wannan abu ne da ake yafe wa ɗalibi kawai. Ran da ya karɓi takardar gamawa, ran nan yakan rataye takalmi.

Harshen ma ya nuna haka. Kalmar wasa a Hausa kishiyar aiki ce, kishiyar gaske ce. Idan aka ce wa mutum ɗan wasa, ko ɗan ƙwallo, ba a ɗaga shi ba. Amma idan aka ce ɗan kwaleji, an gama yabo. Kyaftin na ƙwallo a Zariya yana da kwarjini ne saboda ɗan kwaleji ne da ya shugabanci 'yan kwaleji, a zamanin da duk Arewa gidan gwamnati ɗaya tak ke ba da irin wannan ilmi, kuma ɗaliban da ake ɗauka a shekara ba su wuce a kirga su a zaune ba. Daga wannan makaranta, wadda aka raɗa wa suna Barewa a 1971, aka sami Abubakar Tafawa Ɓalewa da Yakubu Gowon da Murtala Muhammed da Shehu Shagari da Umaru Musa 'Yar'aduwa. Gowon ya tsare wa makarantar gida a ƙwallo, ya kuma yi kyaftin na damben zamani, amma ba don haka ake tuna shi ba. Don ya zama shugaban ƙasa ne ake tuna ya taɓa tsaron gida. Wannan misali kaɗai ya isa ya nuna ta wace fuska darajar take gangarowa.

Daga Midil zuwa bakin fadama

Hanyar da wasannin suka bi suka bazu ita ce hanyar da malamai suka bi. Ahmadu Bello ya karantar a Midil ta Sakkwato, Tafawa Ɓalewa da Aminu Kano a ta Bauci, Abubakar Imam a ta Katsina. Kowane ɗan kwaleji da aka tura lardi yakan tafi da tsarin gidaje da gasa da usur, ya dasa a Midil, 'yan Midil kuma da suka zama malaman elementare su kai shi gundumomi. Haɗeja tana cikin Lardin Kano ne, don haka yaron masarautar da ya yi fice a elementare Midil ta Kano yake nufa, wadda ita ce ta zama Kwalejin Rumfa. Jirgin ƙasan Kano zuwa Nguru, wanda aka gama shimfiɗa hanyarsa a 1930, yana bi ta Malam Madori da Birniwa, kuma shi ne ya rage wa mutanen wannan yanki nisan Kano.

To, a nan ne ya kamata mai karatu ya tsaya ya dubi Guri. Ƙasa ce ta fadama, inda Kogin Haɗeja yake rarrabuwa ya bazu kafin ya shiga ƙasar Yobe. Mutanenta, Badawa da Mangawa da Hausawa da Fulani, ruwa ne yake tsara musu shekara. Idan ambaliya ta sauko a ƙarshen damina, hanyoyi sukan yanke, garuruwa irin su Abunabo da Kadira da Musari da Adiyani sai a koma ga kwalekwale a wasu wurare. Idan ruwa ya ja, ga yankan shinkafa, ga su, ga noman rani, ga makiyaya sun sauko da shanu. Yaro a irin wannan wuri hannu ne a gona da koma, kuma iyaye ba su ga abin da zai sa su sallama shi ga boko ba, balle a kai shi Kano ya yi shekaru. Sananne ne cewa a yawancin ƙasar Hausa a zamanin En'e sai hakimai sun matsa wa dagatai kafin a cika aji. Waɗanda suka tsallake suka kai Midil daga irin waɗannan gundumomi na nesa 'yan ƙalilan ne, waɗanda suka kai kwaleji kuwa sun fi haka ƙaranci.

Kuma ba a iske wurin babu wasa ba. Akwai kokawa bayan kaka, akwai langa a dandali, akwai dambe, akwai sharo a rugage, akwai iyo da tseren kwalekwale ga yaran da suka tashi a bakin ruwa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da lokacinsa da ya dace da aikin gona, yana da 'yan kallonsa, kuma gwaninsa na gari ne: idan ɗan kokawa ya ka da na wani gari, garinsu ne ya yi kaye. Ƙwallo kuwa baƙuwa ce da take zuwa da malamin makaranta, ko da ɗalibin da ya zo hutu da farar riga da kalmomin da ba a saba ji ba, gola da fanareti da kwana da rafali. Yara suka kwaikwaya da tamaular tsumma a kan faƙo. Abin da suke sha'awa a wurin ɗan kwaleji shi ne dukan abin da ya ƙunsa, takalminsa da Turancinsa da aikin da ke jiransa, ƙwallo kuwa ita ce kaɗai ɓangaren da za su iya taɓawa. A ganina wannan shi ne ainihin siffar darajar ƙwallon kwaleji a karkara, kuma daga Guri ta fi fitowa sarai fiye da daga Zariya.

Shekarun ganiya

Bayan yaƙin duniya na biyu makarantun sakandare suka ƙaru. Gwamnati ta buɗe Kwalejin Keffi, larduna suka ɗaga Midil ɗinsu zuwa sakandare, 'yan mishan suka kafa St. John's a Kaduna da St. Paul's a Wusasa. Da aka sami abokan karawa, gasar ta tashi daga tsakanin gidaje ta koma tsakanin makarantu, kuma daga tsakiyar shekarun 1950 zuwa ƙarshen na 1970 ne za a ce ƙwallon makaranta ta yi ganiyarta. Ɗaliban wancan zamani ba yara ba ne. Da yawa sun makara wajen shiga elementare, ga kuma aji shida na share fagen jami'a, saboda haka ƙungiyar makaranta takan ƙunshi samari 'yan shekara ashirin, masu cin abinci sau uku, masu motsa jiki kullum a ƙarƙashin malami. A garin da babu sinima babu talabijin, irin wannan ƙungiya ita ce mafi tsari da mutum zai gani da idonsa.

Sai dai tun a lokacin akwai wata ƙwallo a gefe, ta ma'aikatan jirgin ƙasa da kamfanoni da haƙar kuza da mazauna Sabon Gari. Ita ce ta kawo wa Kano kofin ƙasa a 1953, karo na farko da kofin ya bar Legas tun da aka fara shi a 1945. Inda waɗannan koguna biyu suka haɗu, wato ƙwallon makaranta da ta gari, nan ne aka sami manyan 'yan wasa, kuma babu inda suka haɗu kamar Jos. Ƙungiyar ɗaliban sakandare ta Nijeriya, wadda ta ka da takwararta ta Gana a tsakiyar shekarun 1960, ta ƙunshi 'yan makarantun Jos irin su Isma'ila Mabo da Sam Garba Okoye, waɗanda daga baya suka yi suna a Mighty Jets, ƙungiyar da ta ci gasar ƙasa ta farko a 1972. Segun Odegbami ma a St. Murumba ta Jos ya yi sakandare. Mai karatu zai lura ba a ambaci Barewa a wannan jeri ba. Makarantun da suka fi suna a mulki dabam, waɗanda suka fi ba da 'yan wasa dabam, domin ɗan Barewa soja ko Di'o ko likita yake shirin zama, kuma babu uban da zai yarda ɗansa ya bar wannan ya bi ƙwallo.

Jami'o'i kuwa ba su taɓa karɓar tutar ba. An kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, an fara wasannin jami'o'in Nijeriya a Ibadan a 1966, amma wasanni ne na ɗalibai da ɗalibai suke kallo. Mutumin Tudun Wada ko na Fagge bai taɓa jin ƙungiyar jami'a tasa ce ba, yadda ya ji Raccah Rovers, wadda ta ci gasar ƙasa a 1978, ko Kano Pillars bayan kafa ta a 1990. An sake gwada gasar ƙwallo ta manyan makarantu a 2018, amma ta iske zukatan 'yan kallo sun riga sun tafi wani wuri.

Wasan da ba shi da makaɗi

Akwai wata fuska da masu nazarin adabi za su fi kowa ganewa. A ƙasar Hausa suna ba ya daɗewa sai da mai riƙe shi, kuma masu riƙe suna su ne makaɗa da maroƙa da 'yan ma'abba. Shago ya daɗe da barin fage, amma wanda bai taɓa ganin dambensa ba ya san shi, saboda Ɗan Anace ya waƙe shi. Ɗan dambe yana da kirari, yana da ɓangaren da yake wa faɗa, Kudu ko Arewa ko Guramada, kuma ɓangaren yana nan ko bayan shi ya tsufa. Ɗan kokawa yana da take. Sarki yana da tambari. Ƙwallon kwaleji kuwa da Turanci aka ajiye tarihinta: a kan allon katako a zauren taro, a mujallar makaranta, a rahoton shekara da shugaban makaranta yake aika wa ofishin ilmi, a hoton da aka rataye a ofis. Duk waɗannan abubuwa ne da gara take ci, kuma babu ɗayansu da ya shiga bakin jama'a. A Amurka jaridu da rediyo da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai masu zuba kuɗi su ne suka yi aikin da makaɗi yake yi a nan. Mu kuwa ƙungiyar tsofaffin ɗaliban kwaleji da aka kafa a Kaduna a 1939 hankalinta yana kan al'amuran ƙasa, kuma babu mai ganin laifinta.

Sauye-sauyen suna ma sun taimaka wajen yanke zaren. Makaranta ɗaya ta amsa sunan Katsina, ta amsa na Kaduna, ta amsa na Zariya, kafin ta zama Barewa. Da gwamnatocin jihohi suka karɓi makarantun mishan a farkon shekarun 1970, St. John's ta koma Rimi, St. Paul's ta koma Kufena. Akwai hujjojin da suka sa aka yi haka, ba su ne abin tattaunawa a nan ba. Amma gaba irin ta wasa tana bukatar sunaye biyu da za su yi ta karo shekara da shekaru, har jika ya gaji abokin hamayyar kakansa, kamar yadda Yale da Harvard suke yi tun 1875.

Gushewa

Abin da ya biyo baya sananne ne, ba sai an tsawaita ba. Shirin ilmin firamare kyauta na 1976 ya cika azuzuwa, bayan shekara shida taron ya iso ƙofar sakandare daidai lokacin da kuɗin man fetur ya ja baya. Aka buɗe makarantun jeka-ka-dawo da yawa, aka rage na kwana, sabon tsarin karatu na 1982 ya kawar da aji shida, matsin tattalin arziki na 1986 ya cinye kuɗin wasanni da na motar makaranta. Ɗalibin jeka-ka-dawo ba shi da la'asar a makaranta, yana gona ko kasuwa ko Islamiyya. Sakandare ta daina zama abin da 'yan ƙalilan suke samu, takardarta ta daina ba da tabbacin aiki, sai kwarjinin ɗan kwaleji ya ragu, na kyaftin ɗinsa ya bi shi. A gefe guda Nijeriya ta ci kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 16 a Sin a 1985, aka fara gasar 'yan kuɗi a 1990, ƙwallo ta zama sana'a mai hanyarta da ba ta bi ta aji. Ahmed Musa, wanda ya fi kowa cin ƙwallaye a gasar ƙasa a 2010 yana Kano Pillars, daga wata cibiyar horar da yara ta Jos ya fito, kuma babu mai tambayar sakandaren da ya yi.

Ga Guri da makwabtanta lissafin ya fi ɗaci. Sakandare ba ta matso kusa da su sosai ba sai a wannan zamani na faɗaɗawa, jihar Jigawa ba ta samu ba sai 1991, jami'ar tarayya ta Dutse sai 2011, ta jiha a Kafin Hausa sai 2013. Wato lokacin da ɗan masunci da ɗan manomin shinkafa suka sami kujera a aji, abin da iyayensu suka hango daga nesa ya riga ya watse. A daidai waɗannan shekaru ne kuma ita fadamar take fama da nata sauyi, tun da aka datse ruwa a Tiga a 1974 da Challawa a 1992, kacala ta toshe magudanai, ambaliya ta daina bin ƙa'idar da aka san ta da ita, har makarantu da filayensu sukan kwana cikin ruwa a shekarun da ta yi tsanani. Shugaban makarantar da rufin ajinsa ya yaye ba zai sayi raga ba.

Wannan bai hana ƙwallo ba, ta ma fi da yawa. Kowace unguwa tana da ƙungiya, ana sa kofi da sunan ɗan siyasa ko basarake, ana tara kuɗin riga da karo-karo. Da dare kuma samari suna cika gidajen kallo, inda injin wuta yake ruri a waje, suna musu a kan Arsenal da Chelsea da Barcelona da Real Madrid, suna lissafa shekarun da kowace ta ci kofi ba tare da tuntuɓe ba. Tarihin ƙungiyoyin Landan da Madrid yana bakin yaran Margadu da Lafiya. Na makarantun da kakanninsu ƙalilan suka shiga jirgi a Birniwa don su je kuwa, abin da ya rage daga cikinsa yana cikin fayilolin larduna a Gidan Adana Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, da takardun Gidan Arewa, da tsofaffin hotuna a ɗakunan malaman da suka yi ritaya a Haɗeja da Gumel da Kano, waɗanda mafi ƙanƙantarsu a yau ya haura shekara saba'in.